Duckadam, golan da ya kaɗe wa Barcelona fenareti huɗu: da gaske karya masa hannu aka yi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure a gidan kallon unguwarmu. Wani dattijo da muke kallo tare ya ce akwai wani golan ƙasar Romaniya da ya kaɗe wa Barcelona fenareti huɗu a jere a wasan ƙarshe na kofin Turai, kuma wai da ya koma gida gwamnati ta sa aka karya masa hannuwa. 'Yan Barca sun ce tatsuniya ce. Don Allah a warware mana. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaida mini dattijon nan, domin rabin farko na maganarsa gaskiya ce tsagwaronta. Rabi na biyun kuwa jita-jita ce da ta daɗe tana yawo, kuma mai hannun da kansa ya sha ƙaryata ta.

Sunan golan Helmuth Duckadam, ana furta shi Dukadam. An haife shi ranar 1 ga Afrilu 1959 a Semlac, wani ƙauye a yankin Arad da ke yammacin Romaniya, kusa da iyakar Hungari. Jinin Jamusawan da suka daɗe da zama a wannan yanki ne, shi ya sa sunansa bai yi kama da na sauran 'yan wasan ƙasar ba. Ya fara da ƙaramar ƙungiya ta Constructorul Arad, ya koma UTA Arad a 1978, sannan a 1982 Steaua ta birnin Bukarest ta ɗauke shi. Steaua ƙungiyar sojoji ce, kuma a zamanin mulkin shugaban ƙasar, Nicolae Ceaușescu, duk ɗan wasan da ta ƙyalla ido a kansa da wuya ya kuɓuce mata. Da shi ta ci gasar ƙasar a 1985 da 1986, ta haɗa da kofin ƙalubale a 1985.

A gasar kofin Turai ta kakar 1985 zuwa 1986 babu wanda ya sa Steaua a lissafi. Ƙungiyoyin Ingila suna cikin takunkumi saboda rikicin 'yan kallo da ya jawo asarar rayuka a filin Heysel na Beljiyam, don haka idon kowa yana kan Juventus da Barcelona. Steaua ta bi ta kan Vejle ta Denmak, da Honvéd ta Hungari, da Kuusysi ta Finland. A kusa da na ƙarshe Anderlecht ta ci ta 1-0 a Beljiyam, ita kuma ta rama da 3-0 a Bukarest. Barcelona, ƙarƙashin Terry Venables, ta fitar da Juventus, sannan ta farfaɗo daga 3-0 a hannun Gothenburg. Pichi Alonso ne ya zura ukun da suka dawo da ita, aka je bugun fenareti ta haye. Ka riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Wasan ƙarshe ranar 7 ga Mayu 1986 aka buga shi a filin Sánchez Pizjuán na birnin Sevilla. Ka ga kenan a cikin Sifaniya, kuma kusan duk wanda ke filin ɗan Barcelona ne, domin a lokacin fita daga Romaniya sai wanda hukuma ta yarje wa. Barcelona ba ta taɓa ɗaukar wannan kofi ba, kuma magoya bayanta sun zo ne da shirin biki. Wasan kansa bai yi armashi ba. Kocin Steaua, Emeric Jenei, ya toshe ko'ina, aka yi minti 120 babu ci. Har mataimakinsa Anghel Iordănescu, mai shekara 36, sai da ya sa aka shigo da shi don ya riƙe ƙwallo a tsakiya.

Sai bugun fenareti, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Steaua ce ta fara. Majearu ya buga, Urruti golan Barcelona ya kaɗe, fili ya ɗauki sowa. Alexanko ya zo, Duckadam ya faɗi damarsa ya ture. Bölöni ya buga, Urruti ya sake kaɗewa. Pedraza ya zo, Duckadam ya sake faɗawa dama, ya miƙa hannu ya kawar da ita. Bugu huɗu babu wadda ta taɓa raga. Lăcătuș ne ya fasa ƙwan da wani bugu mai ƙarfi. Sai ga Pichi Alonso, gwarzon daren Gothenburg, Duckadam ya faɗi dama karo na uku, ƙwallo ta same shi a can. Balint ya ci ta biyu. Yanzu in Marcos Alonso ya ɓarar, magana ta ƙare. Wannan Marcos shi ne mahaifin Marcos Alonso da kuka sani a Chelsea. Ya buga ta ƙasa, Duckadam ya sauya ya faɗi hagu, ya kama ta. Steaua 2, Barcelona 0, ƙungiya ta farko daga gabashin Turai da ta ɗaga kofin.

Mutane da yawa suna cewa sa'a ce. Ni da na daɗe ina bin aikin masu tsaron raga ban yarda ba. Faɗin raga mita 7.32 ne, tazarar bugu mita 11, kuma ƙwallon da aka buga da ƙarfi tana isa cikin kamar rabin daƙiƙa. Golan da ya tsaya jiran ya ga inda ta nufa ya makara. Ƙari a kan haka, dokar wancan lokaci ta hana gola motsa ƙafafunsa a kan layi kafin a buga, sai a 1997 aka sassauta. Babu kuma mai zuwa masa da bidiyon 'yan wasa ko takarda a manne jikin gorar ruwa kamar yadda ake yi yau. Abin da yake da shi kawai kansa ne.

Yadda shi da kansa ya sha bayyanawa, ya riƙa sa kansa ne a matsayin mai bugu. Bayan ya kaɗe ta farko a dama, ya san na biyu zai yi zaton zai sauya, don haka zai buga wajen da aka kaɗe ta farko. Sai ya koma can. Na uku zai ce ai babu golan da zai faɗi gefe ɗaya sau uku, sai ya sake komawa. Na huɗu kuwa ya ga an kaɗe uku a wuri guda, zuciyarsa ba za ta bar shi ya jefa ta can ba, sai Duckadam ya tare shi a ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa zama a gaban dara ya san irin wannan lissafi, kana wasa da abin da abokin karawarka yake zaton kana tunani. Kuma sanin gefe bai isa ba. Bugun Pedraza ya nufi ƙasa can gefe, sai dogon mutum mai saurin faɗuwa ne zai kai hannu wurin.

A shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Romaniya, ya kuma zo na 8 a zaɓen Ballon d'Or wanda Igor Belanov ya lashe. Yana da shekara 27, wato shekarun da gola ke fara nuna.

To, ina ya shige? Nan ne tushen labarin da dattijonku ya ji. 'Yan makonni bayan Sevilla, ana cikin hutu, hannunsa na dama ya mutu. Matsalar jijiyar jini ce, gudan jini ya toshe hanya, aka yi masa tiyatar gaggawa don a ceci hannun. Hannu ya tsira, amma tsaron raga a babban mataki ya ƙare. Da Steaua ta je Tokyo a Disamba 1986 ta kara da River Plate, da kuma lokacin da ta doke Dynamo Kiev a kofin Super Cup da ƙwallon Hagi, Dumitru Stângaciu ne a raga.

Ka duba yanayin ƙasar a lokacin. Jarida ba ta rubuta sai abin da gwamnati ta so, kuma mutumin da duniya ta gama kallo ya ɓace ɓat babu cikakken bayani. Inda aka rufe bakin labari, raɗe-raɗi ne ke cin kasuwa. Sai aka fara cewa wai shugaban Real Madrid ya ba shi kyautar Mercedes don murnar kunyata abokan gabarsu, wai Nicu ɗan Ceaușescu ya nemi motar ya hana, wai shi ne aka sa jami'an tsaro suka farfasa masa hannu. Mutane sun gaskata domin sun san gwamnatin za ta iya abin da ya fi haka. Amma an kifar da Ceaușescu a Disamba 1989, Duckadam ya rayu shekara 35 bayan haka, babu wanda zai ji tsoro, kuma bai taɓa sauya magana ba: ciwo ne. Labarin nan yana ɓata mini rai, domin yana janye hankali daga abin da mutumin ya yi da basirarsa, ya mai da shi abin tausayi kawai.

Ya yi ƙoƙarin dawowa. Daga 1989 zuwa 1991 ya tsare wa Vagonul Arad raga a rukuni na biyu, sannan ya rataye safar hannu. Wa ƙasarsa kuwa sau 2 kacal ya buga, duka a 1982, domin a shekarun nan Silviu Lung ne ke riƙe da gurbin. Bayan ƙwallo ya yi aiki da 'yan sandan kan iyaka a yankinsu, ya buɗe makarantar koyar da yara ƙwallo a Arad, ya ɗan zauna a Amurka bayan ya ci cacar bizar zama a can, amma bai jima ba ya dawo gida. A 2008 shugaban ƙasa Traian Băsescu ya ba shi lambar girma ta wasanni, kuma daga 2010 zuwa 2020 ya riƙe muƙamin shugaban girmamawa na ƙungiyar da a da ake kira Steaua, yanzu kuma FCSB. Ciwon bai rabu da shi ba, an sha kwantar da shi ana tiyata. Ya rasu a Bukarest ranar 2 ga Disamba 2024 yana da shekara 65. Har yau a ƙasarsa "Gwarzon Sevilla" suke ce masa.

Su kuma 'yan Barca na gidan kallonku, ka gaya musu bidiyon bugun yana nan a YouTube, bai wuce 'yan mintuna ba. Ƙungiyarsu sai da ta ƙara jiran shekara 6, har 1992 a Wembley, kafin Ronald Koeman ya ci Sampdoria ya kawo musu kofin karo na farko. In kun zauna kallo, ku lura da ƙafafun Duckadam a kan layi kafin bugu na huɗu.