Yaya zan koyar da darasin gudanarwa ga ɗaliban da ba su taɓa aiki a ko'ina ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon malami ne a jami'a, an ba ni kwas ɗin tushen gudanarwa da tsarin ma'aikatu na 'yan aji ɗaya. Ɗalibai 120 ne, zangon mako 14, awa uku kowane mako. Da na gwada su, kusan kowa ya zayyano ƙa'idojin gudanarwa 14 na masanin nan Fayol ba tuntuɓe, amma da na karanta musu labarin wani kamfani na ce su gano matsalarsa, aka rasa mai cewa uffan. A ina na kuskure, kuma yaya zan sake tsara darasin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren ba a abin da ka koyar yake ba, a jerin da ka bi ne. Ka ba su sunan magani tun ba su ga cutar ba. Ɗalibin da bai taɓa jiran sa hannun wani shugaba kwana uku ba, bai taɓa karɓar umarni biyu masu karo da juna ba, idan ka ce masa kowane ma'aikaci daga mutum ɗaya ya kamata ya riƙa karɓar umarni, jimla ce kawai da zai haddace. Don haka ka fara nuna musu ma'aikata da idonsu, sunaye su biyo baya. Gani ya kori ji.

Ma'aikatar farko ita ce ajin naka. A makon farko ka raba su rukuni 15, mutum takwas takwas. Kowane rukuni ka ba shi tsofaffin takardu 40, almakashi ɗaya, da gam ɗaya. Ka nuna musu samfurin ambulan, ka faɗi tsawonsa da faɗinsa, ka ba su minti 10 su yi iya yawan da za su iya, kada ka ƙara musu ko kalma. Idan lokaci ya cika a ƙirga masu kyau da waɗanda suka lalace, a rubuta a allo. Sannan ka ba su minti 5 su zauna su shirya, su raba aiki, su naɗa mai duba inganci, a sake wani zagayen na minti 10.

Almakashi ɗayan nan da gangan ne. A zagaye na biyu za ka ga takardu sun taru a gaban mai yanka, masu naɗewa sun naɗe hannu suna jira. A wani rukunin mai dubawa zai ƙi karɓar ambulan, gardama ta kaure. Wani kuma da aka ba shi shafa gam kaɗai zai fara ƙorafin gajiya tun kafin minti bakwai. Ka sa mutum ɗaya a kowane rukuni ya rubuta duk abin da ya gani. Waɗannan rubuce-rubucen su ne jarin zangonka gaba ɗaya: rabon aiki, wurin da aiki ke cushewa, sa ido, ƙwarin guiwar ma'aikaci, duk sun bayyana cikin awa ɗaya. Abin da ke ɓata wannan gwaji shi ne rashin tattaunawa bayansa. Idan ba ka ware minti 30 na tambayar "me ya sa" ba, wasa kawai aka yi.

Tarihin fannin kada ya wuce mako biyu, kuma kowane masani ka gabatar da shi tare da matsalar da ta dame shi. Taylor injiniya ne a masana'antun ƙarfe na Amurka, damuwarsa aikin ɗan ƙwadago. A littafinsa na 1911 ya ce ya sa mai lodin ƙarfe ya tashi daga tan 12 da rabi a rana zuwa tan 47, ladansa kuma daga dala 1.15 zuwa 1.85. Ka rubuta lambobin a allo, su lissafa da kansu: aiki ya kusa ninka huɗu, lada ya ƙaru da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Ka tambaye su ko adalci ne. Muhawarar da za ta biyo ta fi lacca guda amfani. Fayol kuwa shugaban kamfanin haƙar ma'adinai ne a Faransa, daga sama yake hango al'amura, shi ya sa a 1916 ya yi magana kan tsara abin da ke tafe, shirya mutane da kayan aiki, ba da umarni, daidaita sassa da bibiya. Weber na Jamus ya nuna dalilin da manyan ma'aikatu ke dogara da rubutacciyar doka da ɗaukar aiki bisa cancanta maimakon sanayya.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan shi ne binciken Hawthorne, wanda aka yi a masana'antar Western Electric kusa da Chikago daga 1924 zuwa 1932. Ana yawan koyar da shi kamar hujjar da ba ta da ja cewa kulawar da ake nuna wa ma'aikata tana ƙara yawan aikinsu, alhali sanannen gwajin ɗakin haɗa kayan lantarki mata biyar ne kacal, har an sauya biyu daga cikinsu ana tsakiyar aikin. Haka matakan buƙatun mutum, daga ci da sha zuwa cikar buri, da masanin halayyar ɗan Adam Maslow ya fitar a 1943: zanen dala da kowa ya sani ba shi ya zana ba, kuma bincike bai tabbatar da cewa dole mutum ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya ba. Ka faɗa wa ɗalibai wannan ƙarara. Ɗan jami'a ya cancanci sanin ƙarfin hujjar da ake ɗora masa.

Bayan tarihi, mako biyu kan tsarawa da yanke shawara, uku kan tsarin ma'aikata, biyu kan jagoranci da zaburar da ma'aikata, ɗaya kan bibiya, na ƙarshe biyu na gabatar da ayyuka. Biyun farko dama na gwajin ambulan ne da aikin manaja na yau da kullum. A nan binciken masanin gudanarwa Mintzberg na 1973 zai taimake ka: ya bi shugabannin ma'aikatu biyar, kowanne mako guda, ya tarar rabin ayyukansu ba ya kai minti tara. Ɗalibai na zaton manaja zaune yake yana dogon nazari, wannan kan gyara musu tunani.

Tsarin ma'aikata ne ya fi ba ɗalibai wuya, shi ya sa na ba shi mako uku. Ka koyar da shi da lissafi. Kamfani yana da ma'aikata 4,096 a ƙasa. Idan kowane shugaba mutum huɗu yake kula da su, ana buƙatar shugabanni 1,365, hawa bakwai har da na ƙasa. Idan takwas ne, shugabanni 585 sun isa, hawa biyar. Su fitar da wannan da hannunsu, sannan ka tambaya: to me ya hana kowa ya kula da mutum 30? Amsar tana wurin Graicunas, wani masanin gudanarwa, wanda ya nuna a 1933 cewa alaƙoƙin da shugaba zai lura da su suna tashi daga 44 idan mutum huɗu ne a ƙarƙashinsa, zuwa 100 idan biyar ne, zuwa 222 idan shida ne. Daga nan za su gane da kansu cewa babu adadi ɗaya da ya dace da ko'ina. Ya danganta da yadda aikin ke maimaita kansa da kuma ƙwarewar masu yinsa.

Aikin rukuni ya zama na fita waje. Mutum biyar biyar, su zaɓi wata ƙaramar ma'aikata mai mutum 10 zuwa 50, su nemi izini a rubuce, su je sau uku. Su kawo zane biyu: tsarin iko yadda yake a takarda, da yadda yake a zahiri, wato wa ake zuwa wurinsa idan abu ya ɓaci. Tazarar da ke tsakanin zanen biyu ita ce darasin. Ka hana su zaɓar manyan kamfanonin duniya, don daga intanet za su kwaso komai. Matsalar da ba ta ƙarewa ita ce 'yan cin bulus, biyu su yi aiki biyar su ci maki. Maganinta, cikin maki 30 ka ware 10 na kowane mutum shi kaɗai, su riƙa miƙo bayanin kowane zama da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki, ranar gabatarwa kuma kai za ka zaɓi mai amsa tambaya.

Sai jarrabawa, wadda idan ba ka sauya ta ba duk abin da ke sama an shuka dusa. Ɗalibi yana karatu ne daidai da irin tambayar da yake tsammani. Muddin takardarka cike take da "lissafo" da "bayyana ma'anar", hadda za su yi, kuma ba laifinsu ba ne. Aƙalla rabin makin ya zama na labari mai rabin shafi: ma'ajin kaya yana karɓar umarni daga shugaban sashen sayayya da kuma na sashen sayarwa, kaya suna ƙarewa ba a sani ba, kowa na ɗora wa wani laifi. Su faɗi matsalar, su kawo ƙa'idar da ta yi bayaninta, su ba da mafita, su kuma faɗi abin da mafitar za ta jawo. Wannan kaso na ƙarshe ka ba shi maki mai tsoka, don a nan ake bambance wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Kuma kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da suka ga irin wannan tambaya. Daga mako na uku, minti 20 na ƙarshen kowace lacca su zama na labari ɗaya: su tattauna bibbiyu, ka kira mutum uku su faɗi amsarsu, ka gyara a allo kafin a tashi.