Tambaya da Amsa: Jagorancin ƙungiyar da ke haɗa matasa da fasaha

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zane ce, an kuma ɗora mini shugabancin wata ƙungiyar sa-kai da ke koya wa 'yan shekara 13 zuwa 19 zane da kiɗa da wasan kwaikwayo. Koyarwa na sani, gudanarwa ban sani ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Daga yau yawancin lokacinki ba a ɗakin zane zai tafi ba, kan takardu da kuɗi da mutane zai tafi. Ki fara da nemo takardar rajistar ƙungiyar da kundin tsarinta, da kasafin kuɗin bana, da rubutacciyar ƙa'idar kare yara. Wadda babu a cikinsu, samar da ita shi ne aikinki na watan farko.

Sai kwamitin amintattu. Su ke sa ido a kanki, ba ke ce ke sa ido a kansu ba, don haka kada ki cika shi da ƙawaye da 'yan uwa. Mutum biyar ko bakwai sun isa, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A samu akanta ɗaya, da wanda ya san doka, da wanda ya saba aiki da matasa.

Inda sababbin shugabanni suka fi tuntuɓe shi ne kuɗi. Tallafi iri biyu ne. Akwai mai sharaɗi, wanda aka ce na sayen kayan kiɗa ne, alal misali, ba a taɓa shi don wani abu. Akwai marar sharaɗi, wanda ake biyan haya da wuta da albashi da shi. Shi ya sa za ki ga ƙungiya da kuɗi jibge a banki amma ta kasa biyan mai gadi. Idan kuma aka ranci kuɗin kayan kiɗa aka biya haya, ranar da mai binciken kuɗi ya zo, amana ta zube. Ki ware kowane tallafi a shafinsa na littafin kuɗi, kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu da rasit.

Duk takardar neman tallafi da za ki rubuta, ki sa kuɗin gudanarwa a ciki ba tare da jin kunya ba. A shekarar 2013 manyan cibiyoyi uku da ke tantance ƙungiyoyin agaji a Amurka, wato GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna jan hankalin masu bayarwa cewa ƙarancin kuɗin gudanarwa ba shi ne ma'aunin ƙungiya tagari ba. Ki riƙa tara ajiyar da za ta riƙe ku wata uku zuwa shida ko da tallafi ya yanke, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mu dai a ganinmu, da zarar mai bayarwa ɗaya ya zama shi ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kasafinku, lokacin neman wasu ya yi.

Tambaya: Malam, yara arba'in suka yi rajista da mu, amma bayan wata biyu sha biyu ke zuwa. Kyauta muke koyarwa. Laifin wa ke nan?

Amsa: Malam, "kyauta" a wurinku ne. Yaron da ke biyan kuɗin mota zuwa da dawowa, ko yarinyar da ke barin aikin gida don ta zo, ba kyauta suke zuwa ba. Kafin ka ɗora wa kowa laifi, ka kira goma daga cikin waɗanda suka daina zuwa, ka tambaye su dalili. Galibi za ka ji nisa, ko karo da lokacin jarrabawa, ko tashi bayan duhu ya yi, wanda iyaye ba sa lamunta.

Idan ba waɗannan ba ne, to tsarin darasin ne. Matashi ba ya jure koyon da ba shi da ranar ƙarewa. Ka yanka shirin zuwa zango na mako goma zuwa sha biyu, sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Tun ranar farko a faɗi ranar da za a baje zane ko a hau dandali a gaban iyaye. Kowa ya san rawar da zai taka, ya san cewa in bai zo ba wani abu zai tsaya. Wanda ya yi fashi biyu a jere a kira shi a makon, kada a jira ƙarshen wata.

Shirin koya wa yara kiɗa na El Sistema, wanda José Antonio Abreu ya kafa a Benezuwela a 1975, a kan haka ya ginu: yaro yana shiga rukunin makaɗa tun yana sabon hannu, manya kuma suna koya wa ƙanana. Daga cikinsa madugun makaɗa Gustavo Dudamel ya fito. Shirin ya sha suka kan tsananin horo da rashin ba yara bakin magana, don haka ka ɗauki haɗin gwiwar, ka bar tsananin.

Batun bakin magana kuwa, wani masani mai suna Roger Hart ya fitar wa UNICEF da tsani mai matakai takwas a 1992 kan shigar yara cikin al'amura. Matakai ukun ƙasa, a cewarsa, ba shiga ba ce: juya yara, yin ado da su, da sa su don ganin ido. Kwamitin matasa da ake kira ranar ɗaukar hoto kawai yana nan ƙasa. Ka ba su abin yankewa na gaske, kamar zaɓen wasan da za a yi, da ɗan kaso na kasafi da za su kashe su kawo rasit.

Tambaya: 'Yata mai shekara 14 tana son shiga irin wannan ƙungiya. Me zan tambaye su kafin in amince?

Amsa: Hajiya, sha'awarta tana kan hanya. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tabbatar wa yaro haƙƙin shiga harkokin al'adu da fasaha. Amma ki nemi ganin ƙa'idarsu ta kare yara a rubuce, da sunan wanda ake kai wa ƙara, wanda bai kamata ya zama shi ne malamin ajin ba. Ki tambaya manya nawa ke zama da yara. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC a Ingila tana ba da shawarar babba ɗaya ga matasa goma 'yan shekara 13 zuwa 18, kuma kada manya su gaza biyu komai ƙanƙantar rukuni.

A fasaha akwai wuraren da haɗari ya fi ɓuya: darasin kiɗa na mutum ɗaya, ɗakin sauya kaya, atisayen dare, da tafiya wani gari. Ƙofa ta kasance a buɗe ko mai gilashi. Malami ba ya aika wa yaro saƙo shi kaɗai a waya, sai a zauren da wani babba ke ciki. Izinin shiga daban, izinin sa hotonta a intanet daban, kowanne da sa hannunki. Idan suka ji haushin tambayoyin nan, ki nemo wata ƙungiyar.

Tambaya: Masu tallafa mana suna cewa mu kawo shaidar cewa aikinmu yana amfani. Hotuna ba su isa ba?

Amsa: Ba su isa ba, Malam. Ku riƙa kiran suna a kowane zama, ku ba da alƙaluma uku: waɗanda suka yi rajista, waɗanda suka halarci aƙalla kashi uku cikin huɗu na zaman, da waɗanda suka dawo zango na gaba. Ku ajiye aikin kowane yaro na makon farko da na makon ƙarshe gefe da gefe. Ku yi musu tambayoyi biyar iri ɗaya a farko da ƙarshe, ba tare da rubuta suna ba. Kada ku yi iƙirarin cewa kun ɗaga makin jarrabawa ko kun rage shaye-shaye sai kuna da bayanan da za su tabbatar, domin tambayar da za ta biyo baya ita ce yadda kuka auna.