Ƙarar muƙamuƙi da ta ɗauke, baki kuma ya ƙi buɗuwa: shin dole ne a yi hoton MRI?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na daɗe ina jin wata ƙara a gaban kunnena na dama duk lokacin da na buɗe baki ko nake tauna, amma ba ta da zafi. Watanni biyu da suka wuce sai ƙarar ta ɗauke, kuma tun daga lokacin bakina ba ya buɗuwa sosai, ga ciwo idan na yi hamma. An ɗauki hoton haƙorana aka ce ƙashi lafiya lau, yanzu kuma an ce in yi MRI, ga shi da tsada. Me zai nuna wanda hoton farko bai nuna ba, kuma dole ne in yi shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wurin da kike jin ciwon shi ne gaɓar da kan ƙashin muƙamuƙi na ƙasa yake haɗuwa da ƙashin kai, dab da ƙofar kunne. Ƙasusuwan nan biyu ba sa gogar juna kai tsaye, domin akwai wani ɗan faifai na guringuntsi da ke zaune a kan ƙashin muƙamuƙin kamar yadda gammo yake zama tsakanin kai da kaya, kuma idan mutum ya buɗe baki sosai, kan ƙashin yakan zame zuwa gaba tare da faifan. Hoton haƙoran da aka yi miki yana nuna ƙashi da haƙora ne kawai. Faifan ba ya fitowa a cikinsa, saboda haka cewar da aka yi ƙashi lafiya lau gaskiya ce, amma ba ta ce komai ba game da faifan.

A nan ne MRI ya fi sauran hotuna. Na'urar tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, yawanci tesla 1.5 ko 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), tare da igiyar rediyo, ba ta amfani da irin hasken eksire, kuma tana fito da nama mai taushi fili. Akan ɗauki hoton gaɓoɓin biyu, dama da hagu, da farko baki a rufe, sannan a sa miki wani abin cizawa tsakanin haƙora a sake ɗauka baki a buɗe. A gaɓa mai lafiya, idan baki yana rufe, gefen faifan na baya mai kauri yakan zauna daidai bisa ƙololuwar kan ƙashin, wurin da masu karanta hoton suke kira ƙarfe 12 na agogo. Idan faifan ya goce zuwa gaba amma ya koma mazauninsa yayin buɗe baki, komawar tasa ce take ba da ƙarar da kika saba ji. Idan kuwa ya goce ya ƙi komawa, sai ya tokare hanyar da ƙashin yake bi, ƙara ta ɗauke, baki ya daina buɗuwa yadda ya saba, sau da yawa ma haɓa takan karkata zuwa ɓangaren da ke da matsalar. Labarin da kika bayar ya yi kama da wannan na biyun ƙwarai, ko da yake ba a yanke hukunci sai an duba ki ido da ido. Ban da mazaunin faifai, hoton yana nuna ko ya nannaɗe ko ya canja siffa, ko ruwa ya taru a cikin gaɓar, da kuma alamun kumburi a cikin ɓargon ƙashi.

Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki biya kuɗin. Binciken da aka yi a kan mutanen da ba su da wani ciwo ko ƙorafi ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku nasu suna da gocewar faifai a hoton MRI, kuma suna cin abincinsu lafiya. Haka nan, yawancin masu ciwon muƙamuƙi ciwon nasu daga tsokokin tauna yake fitowa, musamman masu cije haƙora a cikin barci ko lokacin damuwa, kuma wannan ciwon ba ya bayyana a hoton. Don haka likitan da ya san aikinsa yakan fara da hannunsa: ya danna tsokokin kumatu da na gefen kai, ya saurari gaɓar, ya auna buɗewar baki da ma'auni. Buɗewar da ta gaza milimita 40 ana ɗaukar ta a matsayin wadda ta ragu, wato kusan faɗin yatsu uku na mai bakin idan ya jera su tsakanin haƙoran gaba. Ƙa'idojin gano waɗannan cututtuka da ƙwararru na ƙasashe da dama suka fitar a shekarar 2014 sun ginu ne a kan tambayoyi da irin wannan dubawa, hoto kuma yana zuwa ne domin tabbatarwa.

Ra'ayina shi ne, mai ƙara kawai ba tare da ciwo ko maƙalewa ba, ba ya bukatar MRI. Ke kuwa kin wuce wannan matakin, saboda haka umarnin da aka ba ki yana da hujja, amma ba lallai ne ya zama na gaggawa ba. Maganin farko iri ɗaya ne ko an yi hoton ko ba a yi ba: a koma abinci mai laushi, a ajiye goro da rake da kilishi da cingam na wani lokaci, a riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, a sha maganin kumburi bisa umarnin likita, a yi atisayen buɗe baki a hankali, wasu kuma a yi musu robar da ake sawa a kan haƙora da dare. Mutane da yawa bakinsu yakan ƙara buɗuwa da wannan, ko da faifan bai koma mazauninsa ba. Hoton yana zama dole idan an yi makonni ana wannan babu sauƙi, ko ana shirin wanke gaɓar da allura ko yin tiyata, ko kuma likita yana zargin ƙari ko cutar kumburin gaɓoɓi. Ki tambayi likitanki kai tsaye: wane mataki ne sakamakon hoton zai canja? Idan yana da amsa, ki yi.

Akwai kuma inda MRI ba shi ne na farko ba. Idan ana zargin karaya bayan haɗari, ko zaizayar ƙashi, ko mannewar ƙashin muƙamuƙi da na kai, wadda a yankinmu ake gani ga waɗanda suka faɗi a kan haɓa suna yara ko suka yi fama da cutar nan mai cin naman baki da fuska da ake kira noma, hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken eksire da kwamfuta, ya fi fito da ƙashi dalla-dalla.

Idan aka tsayar da ranar hoton, ki sanar da ma'aikatan tun kafin ki shiga ɗakin idan kina da na'urar daidaita bugun zuciya, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko wani ƙarfe da ya rage a jiki daga tiyata ko rauni, ko kuma kina da juna biyu. Haƙorin Makka da wayar gyaran haƙora ma a ambace su, domin ƙarfe a baki yana iya ɓata hoton wurin da ke kusa da shi. Za a ce ki cire ɗan kunne da fil ɗin mayafi, kuma ya fi kyau ki je ba kwalli. Aikin yakan ɗauki kimanin rabin awa, na'urar tana da ƙara sosai, kuma motsi kaɗan yana lalata hoton. Yawanci ba a bukatar allurar da ke ƙara hasken hoto, amma idan za a yi ta, za a tambaye ki lafiyar ƙodarki. Idan kuwa kafin ranar kika ga kumburi a gaban kunne, ko zazzaɓi, ko wani sashe na fuska ya mutu, ko haƙoranki suka daina haɗuwa yadda suka saba, kada ki jira, ki koma sashen tiyatar baki da muƙamuƙi a ranar.