Zango, Riba da Hasken Leza

Wata ɗalibar Fiziks daga Tudun Wada ta rubuto: "Malam, an ce mana hasken leza yana yin amsa-kuwwa tsakanin madubai biyu. Kalmar ta dace?"

'Yata, ba ta dace ba. Amsa-kuwwa muryarki ce ta bugi dutse ta dawo a raunane, ko da wace irin murya kika yi kiran. Leza na'ura ce mai fitar da siririn haske mai launi ɗaya, kogonta kuwa, wato sararin da ke tsakanin madubin nan biyu, zaɓe yake yi. Dubi tsirkiyar gurmi: an ɗaure ta kai da gindi, don haka ba kowane amo take bayarwa ba, sai wanda ya dace da tsawonta. Haka madubin nan biyu. Haske kamar igiyar ruwa yake tafiya, nisan da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba shi ne zangonsa. Hasken da zai zauna a tsakanin madubin sai wanda rabin zangonsa ya shiga tazarar sau kaza cif, ba ragowa. Sauran sukan kashe juna a kai-komo. Ni jituwar zango nake cewa. Masu cewa amsa-amo kuma su bar wa mawaƙa kayansu, wannan ƙafiya ce.

Kalmar zango ma abin takaici ce yanzu. Na tambayi wasu samari a Kawo, suka ce sunan unguwa ne, wani ya ce na makaranta ne. Asalinta masaukin fatake, har ta kai ana auna nisan tafiya da ita, a ce zango biyu ko uku. Daga nan 'yan rediyo suka aro ta, iyayenmu suka riƙa kama tasha a gajeren zango. Ta kuwa zauna daram. Zangon jan hasken lezar farko nanomita 694 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

Wani malamin sakandare daga Rigasa: "Ƙaruwar da haske ke yi cikin leza, ƙari za a ce ko riba?"

Riba, domin akwai asara. Da gangan ake barin madubi ɗaya yana yoyo, ta nan hasken ke fita. In ribar zagaye ɗaya ba ta rufe asararsa ba, leza ba ta tashi. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya: ƙwayar haske ɗaya ce ke janyo 'yar'uwarta mai kama da ita sak daga atam ɗin (wato ƙwayar zarra) da aka riga aka ɗura wa ƙarfi. Masanin Fiziks Einstein ya bayyana haka a 1917, sai a 1960 Theodore Maiman ya haska fitila mai walƙiya a kan jan yaƙutu a Kalifoniya, aka samu lezar farko.

Daga Unguwar Rimi: "Kogo ko rami?"

Kogo. Rami faɗa masa ake yi.

Daga Kakuri: "Leza ko lesa?"

Leza. Saurari bakin masu sayar da fitilun a kasuwa.