Ku Tambaya Mu Amsa: Wane mawaƙi ne ka so a ce ka gani ido da ido?

Tambaya: Salamu alaikum Yaya, ni ɗalibi ne a nan Tawa, jiya muna shan shayi a fada gardama ta kaure, abokina ya ce wai tunda komai na cikin waya yanzu babu abin da ya wuce mu, Shata ne ko Ɗan Gurmu ka danna ka ji shike nan, ni ko na ce wallahi da zan ga Ɗan Gurmu sau ɗaya yana wasa da na bada kuɗin bursi na na wata uku. Wa ke da gaskiya? Kuma kai wa ka so ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kai ke da gaskiya, kuma ka gaya wa abokin naka ni na faɗa. Waya murya kawai take baka, ita kuwa waƙar Hausa ba a kunne kaɗai take ba, a fili ake yin ta da mutane. Ina ƙarami an yi wani biki a unguwarmu, aka ɗauko wani tsoho mai goge, yana cikin wasa sai ya hango mahaifiyata ta shigo da kwanon tuwo a kai, nan take ya juya waƙar ya kama sunanta da na ubanta da garin da kakanninta suka fito, 'yan amshi suka karɓa kamar sun kwana suna koyo, ita kuwa ta aje kwanon ta kwance bakin zane ta ciro ɗari biyar ta manna masa a goshi tana hawaye tana dariya, mata suka ɗau guɗa. To wannan wace waya ce za ta yi maka shi?

Shi ya sa ni Mamman Shata nake jin takaicin rashin gani. Kaset ɗinsa kam mun sha shi, babana na da wata rediyo mai cin pil shida, in zaren ya sarƙe ni ake kira in sa bik in naɗe, amma duk wanda ya taɓa zama gabansa abu ɗaya yake faɗa, mutumin nan a tsaye yake ƙera waƙa, ya dubi taro ya ga wanda ya shigo ya saka shi ciki, kalangai na bin bakinsa duk inda ya karkata. Abin da muke ji a kaset dare ɗaya ne cikin dubbai, sauran sun tafi da waɗanda suka halarta. Ya rasu a 1999, lokacin ban isa in tsallaka Katsina ni kaɗai ba.

Ɗan Gurmu kuma naku ne 'yan Ader, don girmama shi aka sa wa gasar mawaƙa ta ƙasa suna Prix Dan Gourmou tun 1987, kuma a garinku aka fara ta. Ka nemi tsofaffin unguwarku, akwai waɗanda suka zauna gabansa, ka kai masu goro ka bar su su yi ta zuba, za ka ji abin da babu shi a intanet.

Amma wanda ya fi ci min rai Sa'adu Bori ne, don shi zamani ɗaya muka yi, ba wani uzuri gareni ba. Sau nawa ana cewa zai yi wasa ina cewa bari sai wani karo, yau aiki gobe ba kuɗin shiga, ina ganin ai yana nan, Maradi ce fa ba Makka ba, kwatsam a 2008 aka ce hatsarin mota ya ɗauke shi. Har yau in na sa faifan nan da suka yi da Musa Pusi, Niamey Twice na 1994, sai in ji kamar in mari kaina.

Tambaya: Kawu ni daga Yamai nake, unguwar Bukoki, wai da gaske ne Ɗan Maraya Jos da igiya ɗaya tak yake kiɗan nan? Mijina ya ce ƙarya ne akwai masu taya shi.

Amsa: Da gaske ne ɗiyata. Kuntigi sunan abin, tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa ɗan gwangwani ne irin na sardin aka rufe da fata, shi ke kaɗawa shi ke waƙa, ba ya buƙatar 'yan amshi. Shi ma ya rasu a 2015. Akwai bidiyonsa da yawa, ki nemo ɗaya ki nuna wa maigidan, ki ce ya bar kallon fuskar ya kalli yatsun hannun kawai.

Tambaya: Ni dai Bob Marley na so in gani, ko laifi ne?

Amsa: Ina laifi, ai rabin samarin Yamai na zamaninmu da hotonsa suka tashi a bangon ɗaki. Sai dai ya rasu tun 1981, Afirka ma wasan da aka fi tunawa da shi na bikin 'yancin Zimbabuwe ne a 1980, ka ga ko babanka da wuya ya riske shi. Ka rubuto ka faɗa min shekarunka da waƙarsa da ta fara kama ka, ina son in ji yadda ta iso gare ka.