Amsa ga ɗan'uwan da kwanan watansa ya koma 1970

Ɗan'uwa, da na ga ka ce manhajarka tana nuna Janairun 1970 maimakon yau, sai da gabana ya faɗi, don ni ma lissafin lokacin nan ya taɓa ja mini kunya.

Ka fara ƙirga yawan alƙaluman da ke cikin lambar lokacin da sabarka (kwamfutar da ke ajiye bayanan manhajar) ke dawowa da ita. In 10 ne, daƙiƙa ce, in 13 ne, milisakan ce, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Dukansu daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 agogon UTC (agogon da duniya ke daidaita lokaci da shi) suka fara ƙirge. A yarukan rubuta manhaja, time() na PHP daƙiƙa yake ba ka, shi kuwa Date na JavaScript milisakan yake jira. Ka miƙa masa biliyan 1.7, sai ya ɗauka kwana ashirin kacal aka yi daga farkon 1970. Ninka da 1000 kawai.

Nawa ya fi naka muni. Wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas na yi wa manhajar shiga da fitar kuɗi. Motocinsa cikin dare suke isowa daga Aliero ta jihar Kebbi. Sabar tana kan UTC, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, ban lura ba. Kuɗin motar da yaronsa ya biya direba sha biyu da rabi na dare sai ya faɗa lissafin jiya, wanda an riga an rufe. Da safe kuɗi bai cika ba, a shafin yau kuma babu alamar an biya kowa. Ya kira ni, na taso daga Agege cikin cunkoso, ko karyawa ban yi ba. A gaban masu dako, tsakanin buhunan albasa, ya ce na haɗa baki da yaron. "Malam, da ma an ce in yi hankali da ku." Wallahi har yau in na ji warin albasa sai maganar nan ta dawo mini. Kwana biyu ban runtsa ba kafin in gano awa ɗayan nan. Na nuna masa a wayarsa, ya gani da idonsa, bai ce yi haƙuri ba. Cikon kuɗina ma har yau shiru. Yaron ya fi ba ni tausayi, saura kaɗan a kore shi.

Don Allah ka ajiye komai a UTC, sai wajen nunawa ka mayar Africa/Lagos, wato agogon Najeriya. Kada ka yarda da agogon wayar mai amfani, wani da hannu yake saita shi. In tsawon lokacin da aiki ya ɗauka kake aunawa, yi da performance.now() na JavaScript, shi ba ya komawa baya in an gyara agogo. setTimeout mai jinkirta aiki ma ba alƙawari ba ne, in ka ce ya jira milisakan 1000 yana iya wucewa. Kuma ka riƙa karɓar rabin kuɗinka kafin ka taɓa aiki, a rubuce.

Turo mana lambar da sabarka ke dawowa da ita mu duba tare.