Abin da ya sa Sienna ta cika ƙofar masallatanmu a Amurka

Alhaji, bayan gaisuwa. Ka ce a hotunan Idi na 'yan'uwa mazauna Amurka ba ka ganin komai a filin ajiye motoci sai Sienna, motar da a gida aka mayar ta haya tsakanin Kano da Abuja, kuma kana mamakin mai cin albashi da dala ya bar jif ya hau ta. Ka kuma nemi shawara don naka gidan mai mutum takwas.

Doka ce ta fara zaɓa mana. A nan ba a ɗora yaro a cinya, ba a cusa huɗu a kujerar mutum uku. Kowane rai da kujerarsa da bel ɗinsa, kuma duk jihohin ƙasar sun wajabta wa ƙananan yara kujera ta musamman da ake ɗaurewa a kan ta mota. Jariri yana zama yana fuskantar baya, a jihohi irin su New York da Kalifoniya har ya cika shekara 2, daga nan ya koma mai fuskantar gaba, sannan matashin ƙarin tsawo, wanda a jihohi da yawa ba a rabuwa da shi sai wajen shekara 8. Faɗin kowace kujerar yaro yakan kai santimita 43 zuwa 48, don haka da wuya uku su jeru a bayan Camry. Ranar da aka haifi ɗa na huɗu, magana ta ƙare, sai mota mai layi uku. Ga shi babu ɗan acaba ko mai adaidaita da za a ce ya biyo da sauran.

Sai dai layi uku suna ya tara. A Highlander ta 2014 zuwa 2019, layin ƙarshe na yara ne. Babba in ya zauna gwiwarsa na tokare da ƙirjinsa, kuma idan aka ɗaga kujerun, abin da ya rage na but bai wuce lita 390 ba. Sienna ta 2011 zuwa 2020 tana da kusan lita 1,100 a bayan layi na uku, saboda akwai rami mai zurfi inda kujerun ke kwanciya idan an naɗe su. Wannan bambancin ne ke yanke hukunci ranar ɗauko Hajiya daga filin jirgi da akwatuna biyu masu kilo 23 kowanne, ga keken jariri, ga yara shida da suka ce sai sun je tarye. Ƙofarta mai zamewa ba ta bugun motar maƙwabci idan yaro ya buɗe da ƙarfi, kuma ƙasanta bai da tudu, dattijo na shiga ba tare da an tallafe shi ba. Haka ranar Asabar da Lahadi, gida ɗaya ke kwashe yaran gida biyu zuwa Islamiyya.

Kafin maigida ya biya kuɗi, yakan tafi da kujerun yaransa ya ɗaura su a motar da idonsa. Ƙugiyoyin ƙarfe da ake maƙala su ba a kowace kujera suke ba, musamman a layi na uku, kuma idan kujerar jariri ta zauna a layi na biyu tana iya hana shi zamewa gaba, sai hanyar shiga baya ta toshe. Shi ya sa wasu suka fi son mai kujeru bakwai, mai fili a tsakiya. Kai da ke da mutum takwas, mai takwas ɗin za ka nema, amma ka sani ta takwas ɗin 'yar siririya ce a tsakiyar layi na biyu, kuma Sienna ta waɗannan shekaru mai jan taya huɗu kujeru bakwai kawai take zuwa da su, ba ta da safaya, tayoyinta irin masu tafiya bayan faci ne, masu tsada da saurin cinyewa.

Akwai wata takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba da mutane ba sa karantawa. Ita ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya, kuma a irin waɗannan motoci yakan faɗo tsakanin kilo 500 da 650. Manya takwas masu kilo 75 sun riga sun cinye 600, ba a sa ko jaka ba. Wannan ne ya sa Siennar haya a gida take tafiya da baya a ƙasa: sufirin ya gaji, shokozoba ta mutu, tayar baya na cinyewa ta ciki, birki na zafi, giya na wahala. Laifin lodi ne. Gidan da manya suka yi yawa, ko yara suka kai takwas, a nan Chevrolet Suburban suke koma wa, wadda wani samfurinta ke ɗaukar tara, ko Ford Transit mai kujeru 12 ko 15.

Batun shekara shi ne inda ake asara ko riba. Sienna ta 2004 zuwa 2006 injinta 3.3 ne, mai bel ɗin tayimin da ake canzawa duk mil 90,000. Daga 2007 aka koma 3.5 mai sarƙa, wadda ba ta da lokacin canji. Na farko-farkon 3.5 ɗin suna da wani bututun baƙin mai da aka yi wani sashensa da roba, yakan fashe mai ya zube cikin mintuna, don haka a duba ko an sa na ƙarfe zalla. Famfon ruwan injin ma yakan yi yoyo, alamarsa busasshen ruwa mai launin hoda a gefen injin. A ganina, wanda zai saya ta hannu ya nemi ta 2015 ko 2016, mai giya shida, domin a 2017 aka sa giya takwas kuma an yi ƙorafi kan na farkonta. Daga 2021 duk Sienna mai haɗa fetur da batir ce, injin 2.5, tana yin kusan kilomita 15 a lita, alhali tsohuwar wajen 9 take yi. A nan ta yi, amma a gida sai ka tabbatar da bakaniken da ya san batirinta kafin ka kai ta. Ciwon da ya bi dukkansu shi ne ƙofar lantarki: wayar da ke jan ta tana tsinkewa, kuma a 2016 Toyota ta kira na 2011 zuwa 2016 don gyaran ƙofofin.

Honda Odyssey ita ce kishiyarta, ta fi daɗin tuƙi, kuma layinta na biyu ya fi karɓar kujerun yara. Amma bel ɗin tayimin take amfani da shi, ana canza shi wajen mil 105,000 ko shekara 7, tare da famfon ruwa, kuma in ya tsinke fistin na bugun bawul, injin ya tashi aiki. Tsarinta na kashe wasu silinda don tsimin mai yana jawo shan baƙin mai, da baƙanta fulogi, da kashe robobin da ke riƙe injin. Giyar na 1999 zuwa 2004 ta yi ƙaurin suna, a kauce musu. Nissan Pathfinder ta 2013 zuwa 2020 kuwa, giyarta irin marar matakai ce da ake kira CVT, ba ta son lodi da zafi, shi ya sa take araha.

Yadda muke saya ya bambanta da na gida. Da yawanmu na gudun bashin banki saboda kuɗin ruwa, sai a yi adashi ko a tara a sayi mai shekara shida zuwa goma kuɗi hannu. Ba a dogara da rantsuwar dillali. Ana ɗaukar lambar casis mai harafi da lamba 17, a sa ta a Carfax ko AutoCheck a ga hatsarin da ta yi da mil ɗin da aka rubuta mata a kowane gyara, a sa ta kuma a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, a ga ko akwai kiran gyara da ba a yi ba. Daga nan a biya bakaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, dala 100 zuwa 200, ya ɗaga ta sama. Jihohin arewa irin su Minnesota da Ohio suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin na cin bututun birki, da bututun sanyi na baya, da wayar da ke riƙe safaya. Motar Texas ba ta cika yin tsatsa ba, sai dai ambaliyar Houston ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, don haka a ɗaga kafet a shinshina, a ja bel har ƙarshe a duba ko akwai layin laka, a leƙa ƙarfen da kujera ke zamewa a kai.

Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin da yawa daga 'yan Kwatano da na Legas daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko suka sha ruwa. Ka sa lambar casis a Google, sau da yawa hotunan gwanjon na nan. Ka tuna agogonta mil yake ƙirgawa, 150,000 na nufin kilomita 240,000. Kunna motar ka ga fitilar balan-balan ɗin kariya ta kama ta mutu da kanta, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya.

Idan hanyar garinku ba kwalta, tsayin ƙasa zai sa ka sake lissafi. Sienna na da kusan santimita 16 zuwa 17 daga ƙasa, Highlander wajen 20, kuma da lodi Sienna na ƙara zama. A nan ne kawai zan ce ka ɗauki Highlander ko Honda Pilot, ka sa akwatin kaya a rufi. Wadda duk ka saya, kada ka bari a cire mata tamostat ko a cika lagireto da ruwan famfo, a sa ruwan sanyaya na kamfanin motar, in Toyota ce mai launin hoda. Baƙin mai kuma a bi abin da ke rubuce a murfin injin, kamar 0W-20 ko 5W-30 gwargwadon mota da shekara, domin 20W-50 mai kauri ba ya saurin ratsa ƙananan hanyoyin da ke sarrafa bawul, musamman da sanyin safiya. Da ƙurar hunturu, a riƙa canza shi duk kilomita 5,000, a duba matatar iska a lokaci guda.